Bidiyon bajintar ɗan wasa

Bidiyon bajintar ɗan wasa gajeren faifan bidiyo ne da ake tattara mafi kyawun abubuwan da ɗan wasa ya yi a wasanni daban-daban a cikinsa, domin a nuna wa masu horarwa, masu farautar 'yan wasa, ƙungiyoyi ko makarantu. Tsawonsa yakan kasance daga minti uku zuwa biyar. Manufarsa ita ce ya sa wanda bai taɓa ganin ɗan wasan ba ya yi sha'awar neman cikakken wasansa ko ya gayyace shi gwaji. A Amurka, irin wannan bidiyo yana cikin abubuwan da ɗalibi yake turawa idan yana neman gurbin karatu da tallafin wasanni a kwaleji ko jami'a. A Najeriya kuwa, musamman a jihohin Arewa irin su Kano, an fi amfani da shi wajen neman shiga makarantun horar da ƙwallon ƙafa, ƙungiyoyin rukunin ƙwararru, da ƙungiyoyin ƙasashen waje.

Suna

Babu suna guda da kowa ya amince da shi a Hausa. Matasa a filayen wasa sukan ce "hailait" ko "kilif", kalmomin aro daga Ingilishi da suka shigo ta gidajen kallon ƙwallo da shafukan sada zumunta. A rediyo da jaridu an fi jin "faifan bidiyo". Kalmar "faifai" asalinta sunan abin da ake saƙawa da kaba ne don rufe ƙwarya ko tankaɗe, daga baya aka ara wa faifan garmaho saboda kamanninsu, sannan ta koma kan kaset da sidi, har ta kai ga bidiyon da ke cikin waya. Mutumin da ƙungiya take turawa ya duba 'yan wasa ana kiransa "sikawut" ko mai farautar 'yan wasa, shi kuma wanda yake shiga tsakanin ɗan wasa da ƙungiya ana ce masa "eja" ko wakili. Ayyukan biyu daban suke, ko da yake a bakin jama'a akan gauraya su.

Tarihi

Kafin na'urar ɗaukar bidiyo ta yi arha, ana ɗaukar ɗan wasa ne bisa shaidar wanda ya gan shi da ido. Hakeem Olajuwon ya bar Legas zuwa Jami'ar Houston a 1980 bisa shawarar wani mai horarwa Ba'amurke, alhali kocin jami'ar, Guy Lewis, bai taɓa ganin wasansa ba. A shekarun 1980 da 1990 kaset ɗin bidiyo ya bazu, sai masu horarwa a makarantun sakandaren Amurka da iyaye suka fara kwafar wasanni suna aikawa jami'o'i ta gidan waya. Daga baya faifan DVD ya maye gurbin kaset.

Babban sauyi ya zo ne da intanet. An buɗe YouTube a 2005, sannan a 2006 aka kafa kamfanin Hudl a birnin Lincoln na jihar Nebraska, wanda ya ba ƙungiyoyin makarantu damar ɗora wasanninsu, 'yan wasa kuma su yanko nasu ɓangaren. A Turai, kamfanin Wyscout da aka fara a Genoa ta Italiya a 2004 ya zama rumbun wasannin ƙwallon ƙafa da manyan ƙungiyoyi suke dubawa kafin su sayi ɗan wasa. Hudl ya sayi Wyscout a 2019.

Akwai misalan da suka nuna ƙarfin bidiyo da kuma iyakarsa. A 2012 wani ɗan ƙasar Norway mai suna Håvard Rugland ya ɗora bidiyon dabarun bugun ƙwallo a YouTube, ya bazu a duniya, har ƙungiyar Detroit Lions ta ƙwallon ƙafar Amurka ta ɗauke shi a 2013. Ta sallame shi kafin a fara kakar wasa. Bidiyon ya buɗe masa ƙofar gwaji, amma bai ba shi gurbi na dindindin ba. Giannis Antetokounmpo, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne, yana wasa a rukuni na biyu na ƙwallon kwando a Girka lokacin da bidiyoyin wasanninsa suka fara yawo a hannun masu farautar 'yan wasa. Sai da suka yi tattaki zuwa Atina suka gan shi kafin Milwaukee Bucks ta zaɓe shi a matsayi na 15 a 2013.

Yadda abin yake a Najeriya

A Najeriya ana shiga jami'a ne ta jarrabawar JAMB da sakamakon WAEC ko NECO, kuma bajinta a wasa ba ta maye gurbin waɗannan. Akwai gasannin manyan makarantu, irin su wasannin jami'o'i na NUGA da aka fara a Ibadan a 1966, da NIPOGA na kwalejojin kimiyya da fasaha, da NICEGA na kwalejojin ilimi, da gasar ƙwallon ƙafa ta HiFL da aka fara a 2018, sai dai ɗalibi yakan shiga makarantar tukuna sannan ya nemi gurbi a ƙungiyarta. Saboda haka bidiyon ɗan wasan Najeriya ya fi nufar wurare uku: makarantun horar da ƙwallo da ƙungiyoyin cikin gida, ƙungiyoyin waje, da kwalejojin Amurka.

Hanyar kwalejin Amurka ta fi ƙarfi a guje-guje da ƙwallon kwando. Blessing Okagbare da Tobi Amusan duk sun yi karatu a Jami'ar Texas da ke El Paso, kuma Amusan ta kafa tarihin duniya na daƙiƙa 12.12 a tseren mita 100 na tsallake shinge a 2022. Daga Arewa, Masai Ujiri, wanda ya tashi a Zariya, ya yi wasan kwando a kwalejin Bismarck da ke Dakota ta Arewa, daga baya ya shugabanci Toronto Raptors lokacin da ta ci kofin NBA a 2019. Gidauniyarsa ta Giants of Africa, wadda aka kafa a 2003, tana shirya sansanonin horarwa ga matasa a Najeriya da wasu ƙasashen Afirka.

A ƙwallon ƙafa, 'yan wasan da suka fita waje daga Arewa galibi sun bi ta ƙungiya ko makarantar horarwa da ake iya ganinsu a fili. Ahmed Musa ya ci ƙwallo 18 a Kano Pillars a kakar 2009/2010 kafin ya koma VVV-Venlo ta Holan. Alhassan Yusuf, haifaffen Kano, ya tafi IFK Göteborg ta Sweden, daga nan ya koma Royal Antwerp ta Beljiyam a 2021. Zaidu Sanusi daga Jega ta jihar Kebbi ya fara daga ƙananan ƙungiyoyin Portugal har ya kai FC Porto a 2020. Gasar Ramat ta matasa, wadda ƙungiyar YSFON take shiryawa a Kano don tunawa da Janar Murtala Ramat Muhammed, tana cikin wuraren da masu farautar 'yan wasa suke halarta.

Abin da bidiyon ya ƙunsa

Bidiyon yakan fara da shafin bayani na 'yan daƙiƙoƙi. A nan ake rubuta cikakken sunan ɗan wasa kamar yadda yake a takardunsa, shekarar haihuwa, tsayi da nauyi, gurbin da yake bugawa, ƙafar da ya fi ƙwarewa da ita, lambar riga, sunan ƙungiya ko makaranta, da hanyar tuntuɓar kocinsa. Mai neman kwaleji yakan ƙara shekarar da ya gama ko zai gama sakandare. Idan bidiyon zai fita waje, da Ingilishi ake rubuta wannan shafi.

Bayan haka sai yanke-yanken wasa, kimanin 15 zuwa 25. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce a sa mafi kyau a farko, domin mai horarwa da yake karɓar bidiyoyi da yawa yakan yanke shawarar ci gaba da kallo ko rufewa a cikin minti na farko. Ba a jera su bisa kwanan wata. Kowane yanki yakan ɗauki daƙiƙa 8 zuwa 15, yana farawa kaɗan kafin ƙwallo ta iso wurin ɗan wasan, ya ƙare kaɗan bayan ya rabu da ita. Abin da ya faru kafin ƙwallon ta zo yana da muhimmanci: ko ya waiwaya ya duba bayansa, ko ya zame daga mai tsaronsa, ko ya nemi wurin da za a iya ba shi. Bayan ya bayar kuma, ana so a ga ya tsaya ne ko ya ci gaba da gudu.

A farkon kowane yanki akan tsayar da hoton na daƙiƙa ɗaya a sa kibiya ko da'ira a kan ɗan wasan, don mai kallo ya san wanda zai bi da ido. Ana cire alamar da zarar wasan ya motsa, saboda kada ta rufe abin da ake so a gani.

Abin da ake nunawa ya danganta da gurbi. Ga mai tsaron raga, ana neman kamun ƙwallon sama a bugun kusurwa, fitowa gaba da gaba da ɗan wasa, tsayuwar da ta dace, da raba ƙwallo da hannu ko ƙafa. Ga ɗan baya, ana duba ƙwace ƙwallo ba tare da ƙeta ba, bugun kai, saurin komowa idan an wuce shi, da fara kai hari daga baya. Ga ɗan tsakiya, taɓawar farko, juyawa cikin matsi, da fasin mai ratsa 'yan baya sun fi yawan yanka muhimmanci. Ga ɗan gaba, ana so a ga ƙwallayen da ya ci da ƙafa biyu da kai, gudun da yake yi ba tare da ya yi satar gida ba, da yadda yake matsa wa 'yan baya idan ƙwallo tana hannunsu. Bidiyon da ya cika da cin ƙwallo da yanka kaɗai yakan bar mai horarwa da tambayar ko ɗan wasan yana aiki idan ƙungiyarsa ba ta da ƙwallo.

A ƙwallon kwando akan haɗa jifa daga nesa, tsaro, kamun ƙwallon da ta dawo daga kwando, da bayarwa. A guje-guje da tsalle-tsalle, bidiyo shaida ce ta biyu, domin lokacin da aka auna da na'ura a gasar da hukuma ta amince da ita shi ne abin da ake fara dubawa. A gajeren tsere da dogon tsalle, ba a karɓar sakamako a matsayin tarihi idan iskar da ke tura ɗan wasa ta wuce mita 2 a daƙiƙa. Lokacin da aka auna da agogon waya a filin makaranta ba ya shiga lissafi.

Ɗauka

Wayar hannu ta zamani ta isa, muddin an kiyaye wasu abubuwa. Ana riƙe wayar a kwance domin faɗin fili ya fito. Ana kafa ta a kan sanda mai ƙafa uku ko wani abu da ba ya motsi, a daidai layin tsakiya, a wuri mai ɗan tsayi. Daga sama ne ake ganin tazarar da ke tsakanin 'yan wasa. Mai ɗauka yana bin ƙwallo a hankali, yana barin kusan kashi ɗaya cikin uku na filin a cikin hoton. Jawo hoto kusa da yatsa yana rage kyansa, kuma yana fitar da abokan wasa da abokan hamayya daga ciki.

An fi ɗauka a ma'aunin 1080p, hoto 30 ko 60 a daƙiƙa. A hoto 30, minti ɗaya yana cin kimanin megabait 60 zuwa 130, gwargwadon irin wayar, don haka wasan minti 90 yana iya cin gigabait 5 zuwa 12. Wannan ya sa ake share waya ko a sa katin ajiya kafin wasa, a kuma tanadi batirin caji na hannu. Akan rufe layin waya yayin ɗauka, domin shigowar kira tana iya katse bidiyon. An fi son a ɗauki wasan gaba ɗaya, tunda ba a san lokacin da abin kirki zai faru ba, kuma mai horarwa da ya gamsu da gajeren bidiyon yakan nemi cikakken wasa. Manyan makarantun horarwa suna amfani da kyamarori masu bin ƙwallo da kansu, irin na kamfanin Veo na Denmark, amma tsadarsu ta fi ƙarfin ƙananan ƙungiyoyi.

Tacewa da aikawa

Ana fara kallon wasan a rubuta mintin da kowane abu ya faru, sannan a yanka. Manhajojin waya irin su CapCut, InShot da KineMaster suna iya wannan aiki, a kwamfuta kuma akwai DaVinci Resolve wadda take da nau'in kyauta. Ba a ƙara wa bidiyo sauri don ɗan wasa ya yi kamar ya fi gudu, domin gwanin kallo yana ganewa daga motsin sauran 'yan wasa da na ƙwallo, kuma wanda aka kama da wannan ya zubar da amincinsa. Rage sauri da maimaita yanki ɗaya sau da yawa suna cin lokaci. Kiɗa ba dole ba ne. Masu horarwa da yawa suna kashe sauti, kuma YouTube yana iya toshe bidiyon da aka sa wa waƙar da take da haƙƙin mallaka.

Wajen aikawa, an fi ɗora bidiyon a YouTube a tura adireshinsa. Akwai zaɓin da ke sa wanda aka ba adireshin kaɗai ya gan shi, abin da ya fi dacewa da yara masu ƙarancin shekaru. WhatsApp yana matse bidiyo idan an tura shi kai tsaye, lambar riga ta dushe, sai dai idan an tura shi a matsayin fayil. Saƙon da ke rakiyar bidiyo yakan zama gajere: wane ne ɗan wasan, ina yake wasa, me ya sa ya zaɓi wannan ƙungiya ko makaranta, da adireshin bidiyon. Saƙon da koci ko malamin wasanni ya aika daga adireshin makaranta ya fi samun amsa a kan wanda aka watsa wa mutane ɗari lokaci guda. Akan sabunta bidiyon bayan kowace kakar wasa.

A karkarar arewacin Kano

Ƙananan hukumomin da ke arewa da birnin Kano, irin su Dawakin Tofa, Bichi, Ɗambatta, Makoɗa, Tsanyawa da Minjibir, suna cikin yankin da masanin ƙasa Michael Mortimore ya yi nazari a kansa saboda yawan jama'a da noman da ake yi a gona ɗaya kowace shekara. Ƙauyuka suna kusa da juna, kuma kusan duk wani fili gona ne. Wannan yana shafar wasa kai tsaye. Da damina gero, dawa, gyaɗa da wake sun rufe ƙasa, matasa kuma suna gona, sai filin makarantar firamare ko sakandare ya rage. Bayan kaka gonaki suna buɗewa, a kafa turaku biyu a yi raga, kuma a lokacin ne gasannin unguwanni da kofunan da 'yan kasuwa ko 'yan siyasa suke sawa suka fi yawa, haka ma lokutan bukukuwan Sallah.

Lokacin da wasa ya fi yawa shi ne kuma mafi wahalar ɗauka. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazon hunturu yana dusar da hoto, ƙurar da 'yan wasa suke tayarwa tana ƙara rufe shi. Da bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafi yana sa waya ta yi zafi ta daina ɗauka, shi ya sa ake yi mata inuwa da lema ko kwali. Galibin wasanni bayan la'asar ake yi, rana ta yi yamma, don haka mai ɗauka yakan tsaya a gefen yamma, rana tana bayansa. Idan an makara wajen farawa, rabin lokaci na biyu yana shiga duhun magariba. Filayen ba su da wurin zaman 'yan kallo mai hawa, sai a hau bayan a-kori-kura, tebur, ko katangar makaranta. 'Yan kallo kuma sukan matso har kan layi, wani lokaci su shige cikin fili idan an ci ƙwallo, don haka ana bukatar wanda zai tsare gaban kyamara.

Rashin riguna masu lamba wata matsala ce, domin idan ƙungiya ta sa riguna mabambanta, baƙo ba zai iya bin ɗan wasa ba. Ƙungiyoyi sukan ari riguna ko su yi hayar su a ranar ɗauka. Caji yakan zo daga shagunan masu sola ko janareta, ɗora babban fayil kuma yakan sa a je garin da sabis ya fi ƙarfi, kamar Bichi a hanyar Katsina ko Ɗambatta a hanyar Daura. A wasu wurare masu ɗaukar bidiyon biki ne ake ɗauka haya. Suna da kayan aiki, amma sun saba da jawo fuska kusa da sa kiɗa da ado, saboda haka sai an yi musu bayanin abin da ake nema. A birnin Kano, masana'antar Kannywood ta samar da masu tace hoto da yawa.

Akwai kuma batun matakin gasar. Mai horarwa yana auna abin da ya gani da ƙarfin abokan hamayya, kuma ƙwallo biyar a wasan sada zumunta da ba a san ƙungiyoyinsa ba ba su kai ƙwallo ɗaya a gasar da hukumar ƙwallon ƙafa ta jiha ta amince da ita ba. Don haka bidiyon ɗan ƙauye ya fi amfani a matsayin tsani na farko, wato ya kai shi gwaji a wata ƙungiya ko makarantar horarwa a Kano, Kaduna ko Abuja, inda za a ɗauki wani bidiyon a gasa mai rajista. Filin rairayi yana da nasa amfanin, domin wanda ya iya tare ƙwallo a ƙasa mai gargada ya nuna ƙwarewar da mai kallo zai lura da ita.

Ga 'yan mata, yardar iyaye kafin ɗauka da kafin ɗorawa ita ce sharaɗin farko. Dokokin ƙwallon ƙafa sun amince da rufe kai tun 2014, hukumar ƙwallon kwando ta duniya FIBA kuma ta amince a 2017. A Amurka, dokar Title IX ta 1972 ta hana nuna bambancin jinsi a makarantun da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya, abin da ya faɗaɗa guraben tallafin wasanni na mata.

Sharuɗɗan kwalejojin Amurka

Bidiyo kashi ɗaya ne na neman gurbi. Galibin wasannin kwalejoji suna ƙarƙashin hukumomi uku: NCAA, wadda aka kafa a 1906 kuma take da rukuni uku tun 1973, da NAIA ta ƙananan jami'o'i, da NJCAA ta kwalejojin shekara biyu. Rukuni na ɗaya da na biyu na NCAA suna ba da tallafin wasanni, rukuni na uku ba ya bayarwa. Tallafin yakan zama na wani kaso na kuɗin makaranta, don haka iyali suna bukatar sanin ragowar da za su biya.

Mai neman rukuni na ɗaya ko na biyu yana rajista da cibiyar tantancewa ta NCAA, wadda take duba takardun sakandare, ciki har da sakamakon WAEC ko NECO, da tarihin wasansa. Sa hannu a kwantiragin ƙwararru, karɓar albashi, ko yarjejeniya da eja na iya shafar cancanta. Haka ma daɗewa ana buga gasa bayan gama sakandare kafin shiga jami'a, abin da ya shafi 'yan Najeriya da yawa. A 2023 NCAA ta cire sharaɗin jarrabawar SAT ko ACT, amma wasu jami'o'i suna nema don kansu. Bayan samun gurbi, makaranta tana ba da takardar I-20 da ake neman bizar ɗalibi ta F-1 da ita, kuma dokokin biza suna sauyawa daga lokaci zuwa lokaci. Cibiyoyin EducationUSA a Abuja da Legas suna ba da shawara kan neman karatu.

Dokokin FIFA da shekaru

Sashe na 19 na dokokin sauya sheƙa na FIFA ya hana ɗaukar ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata kafin ya cika shekara 18, sai a 'yan yanayi kaɗan, kamar iyaye su yi ƙaura saboda dalilin da bai shafi ƙwallo ba. Wannan doka ce ta sa Ahmed Musa ya jira har Oktoban 2010 kafin ya fara wasa a Holan. Dokokin sun tanadi cewa gwaji a ƙasar waje sai da takardar gwaji da ƙungiya da ɗan wasa suka sa wa hannu, da rubutacciyar yardar iyaye idan yaro ne, kuma sun hana neman kuɗi saboda gwajin. Tun 2023 FIFA take shirya jarrabawar ba wa wakilan 'yan wasa lasisi, kuma ana iya duba sunayen masu lasisin a shafinta.

Shekarun da aka rubuta a bidiyo dole su dace da takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, lambar NIN, fasfo da takardun makaranta. FIFA ta fara amfani da hoton MRI na wuyan hannu don tantance shekaru a gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 ta 2009, wadda Najeriya ta ɗauki baƙunci kuma aka buga wasu wasanninta a filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata a Kano. Bidiyon da aka ɗora da wata shekarar haihuwa yana zama a intanet, kuma ana iya kawo shi hujja shekaru bayan haka.

Rajista tana amfanar ƙananan ƙungiyoyi. A tsarin FIFA, kashi 5 cikin 100 na kuɗin sayen ɗan wasa tsakanin ƙasashe ana raba shi ga ƙungiyoyin da suka horar da shi daga shekara 12 zuwa 23. Ƙungiyar da ba ta da rajista, ko ba ta yi wa ɗan wasanta rajista ba, ba ta da hanyar neman wannan kaso, ko da akwai bidiyon da ke nuna shi sanye da rigarta.

Damfara

Bidiyon da aka ɗora a fili tare da lambar waya yana jawo 'yan damfara. Salon da aka fi sani shi ne wani ya tuntuɓi ɗan wasa a Facebook ko WhatsApp, ya yaba wasansa, ya turo takardar gayyata mai tambarin wata ƙungiyar Turai ko ta ƙasashen Larabawa, sannan ya nemi kuɗin rajista, biza ko inshora. A karkara irin wannan kuɗi daga sayar da dabbobi, hatsi ko jinginar da gona yake fitowa. Wasu ana cinye kuɗin a ɓace, wasu kuma ana kai su ƙasar waje da bizar yawon buɗe ido a watsar da su. Ƙungiyar Foot Solidaire, wadda tsohon ɗan wasan Kamaru Jean-Claude Mbvoumin ya kafa a Faransa, ta daɗe tana jan hankali kan matasan Afirka da aka yasar a Turai ta wannan hanya.

Matakan kariya sun haɗa da sa lambar koci ko ta uba a maimakon ta yaro, tuntuɓar ƙungiyar da aka ambata ta adireshin da ke shafinta na hukuma, duba lasisin ejan, da tambayar hukumar ƙwallon ƙafa ta jiha. Ba a miƙa fasfo ga wanda ba a tantance ba. Hukumar NAPTIP mai yaƙi da fataucin mutane, wadda aka kafa a 2003, tana da ofishin shiyya a Kano kuma tana karɓar ƙorafi.

Iyakokinsa

Tun da ɗan wasa ko kocinsa ne suke zaɓar abin da za a nuna, bidiyon ba ya bayyana ƙwallayen da aka ɓarar, gajiya a ƙarshen wasa, ko halin ɗan wasa idan ana cin ƙungiyarsa. Ba ya nuna ɗabi'a, zuwa atisaye a kan lokaci, ko tarihin rauni. Wannan ya sa ƙungiyoyi da makarantu suke bin sa da cikakken wasa, tambayar masu horarwa na baya, gwaji a fili da binciken likita. Masu sukar tsarin suna cewa yana fifita wanda yake da waya mai kyau, kuɗin data da fili mai ciyawa, kuma yana koya wa yara son kai da yawan riƙe ƙwallo don a gan su. Masu goyon bayansa kuma suna nuna cewa ya rage wa matasan garuruwan da masu farautar 'yan wasa ba sa zuwa kuɗin tafiye-tafiyen gwaji, tunda ana iya tace waɗanda za a gayyata tun kafin su bar gida.